Yadda Ake Jinya a Gida Bayan Tiyatar Sauya Mahaɗar Kwatangwalo

Wannan tiyata ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. A asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ana yi wa dattawan da suka karye ko ciwon gaɓoɓi ya cinye musu mahaɗa, ana kuma yi wa matasa masu sikila waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda jini bai isa gare shi ba. Kwanakin asibiti kaɗan ne, sauran aikin a gida yake. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, kujera 'yar tsugunno, katifa a daɓe, masai na tsugunno. A makonni 6 zuwa 12 na farko, duk waɗannan na iya sa sabuwar mahaɗa ta goce.

Mataki na farko: a gyara gida tun kafin a sallamo majinyaci. A ɗora katifa a kan gado mai tsayi. A nemo kujera mai ƙarfi, mai hannuwa, wadda in ya zauna gwiwa ba za ta fi ƙugu tsayi ba. Babban abu shi ne banɗaki. In masan tsugunno ne, a sayi kujerar bahaya da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, ko kafinta ya ƙera mai rami a tsakiya a ɗora a kai. A kwashe wayoyi da ƙananan darduma daga hanya, a bar fitila kusa da gado saboda ɗauke wuta da dare.

Mataki na biyu: a riƙe dokoki uku. Kada a lanƙwasa ƙugu ya wuce yadda yake a zaman kujera, wato digiri 90. Kada a harɗe ƙafafu. Kada a murɗa ƙafar da aka yi wa aiki zuwa ciki. Tsananin dokokin ya danganta da ɓangaren da likita ya bi ya shiga, ta baya ko ta gaba, don haka a tambaye shi kafin a bar asibiti.

A nan ne al'ada ke shigowa, kuma ina roƙon iyali su taimaka. 'Yan dubiya za su cika gida, majinyaciya ta ga surukarta ko babban wa, kunya ta sa ta durƙusa gaisuwa. Babba ne ya kamata ya riga ta cewa, "Yi zamanki, 'yata, kada ki motsa." Salla ma a kan kujera za a yi, da ishara a ruku'u da sujada, addini ya ba mara lafiya wannan sauƙi. Wajen alwala, wani ya wanke masa ƙafa, kada ya sunkuya. In za a kwanta, rigingine ya fi, da matashi tsakanin gwiwoyi.

Mataki na uku: a tashi a taka. Tausayi kan sa a ce ya kwanta ya huta, alhali doguwar kwanciya ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tsoka kuma ta saki. Ya riƙa 'yar tafiya a tsakar gida sau da yawa a yini da abin dogarawa ko sandunan da aka ba shi, yana ƙarawa kaɗan kaɗan. Ko yana kwance, ya dinga motsa idon sawu sama da ƙasa. Atisayen da likitan gashin ƙashi ya koyar, a yi shi kullum. A kan matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwon ce ke fara sauka.

Mataki na huɗu: ciwo da magani. Wurin ɗinki ya zauna a bushe, ba man shafawa, ba garin magani na gargajiya. Akan cire zare ko ƙarafunan ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Maganin hana daskarewar jini yakan kai mako 4 zuwa 5, kada a ajiye shi don an ji sauƙi. Magungunan zafi masu ƙarfi suna sa bahaya ya yi tauri, sai a yawaita ruwa, da gwanda, da ganye irin zogale da alayyahu. Wake, ƙwai, kifi da nono suna taimaka wa tsoka. Mai ciwon suga ya kula da awonsa, mai sikila kuma kada ya bar ƙishirwa ta kama shi.

Acaɓa a haƙura da shi. Tuƙin mota yawanci sai bayan kamar mako 6, da izinin likita.

Mataki na biyar: a san lokacin komawa asibiti ba jira. Zazzaɓi, ja ko ruwa ko mugunya a wurin ɗinki, kumburin sha-raɓa mai zafi, duk a kai shi a ranar. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, a tafi nan take ko tsakar dare ne, domin gudan jini na iya kaiwa huhu. In kuwa ya ji zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarta ko ta juya, ya kasa takawa, alama ce mahaɗar ta goce. Kada a kira mai ɗori, kada kowa ya ja ƙafar. A ɗauke shi a kwance zuwa asibitin da aka yi aikin, ko mafi kusa da ke da likitan ƙashi.