Sitacin rogo, doya, dankali da gwaza: fitar da shi da dama shi yadda ba zai tsinke ba

Idan aka zuba garin sitacin rogo da na doya a faranti biyu, ido ba zai bambanta su ba. A kan wuta ne kowanne yake nuna halinsa. Na rogo yakan yi garau kamar gilashi, ga yauƙi ga danƙo. Na doya yakan yi fari-fari, ya sandare har a yanka shi da wuƙa. Yawancin asarar da masu kunu da masu guga ke yi daga nan take: an ba wani sitaci aikin da ba nasa ba.

Dalilin yana cikin ƙwayar sitacin. Sinadarai biyu ne suka haɗa ta, amilos mai miƙaƙƙen zare da amilofektin mai rassa. Amilos shi ke sa dame ya daskare in ya huce. Na rogo ba ya da yawa, wajen kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari, na doya kuwa yakan haura haka, har ya kusa kashi 30 a wasu irin. Dankalin Hausa yana tsakaninsu.

A fara da fitarwa. In rogo ne, a nemi wanda bai wuce kwana biyu da haƙa ba. A karya ɗaya tun a gaban mai sayarwa, ko a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru a Zariya. In an ga baƙaƙen jijiyoyi a tsokar, ya fara lalacewa, a bar shi. A fere, a wanke, a gurza ko a kai markaɗe. A zuba ruwa ninki uku na ƙullun, a cuɗa sosai, a tace da ƙyalle mai laushi, a sake wanke dusar sau biyu. A bar ruwan ya kwanta awa huɗu zuwa shida, a tsiyaye, a kankare dattin da ya hau sama, a zuba sabon ruwa a maimaita. Ruwan farko na rogo mai ɗaci yana ɗauke da guba, kada a bar awaki ko kaji su sha. Kilo biyar na rogo mai kyau yakan ba da wajen kilo ɗaya na busasshen sitaci.

Dankali a gurza shi kai tsaye cikin ruwa, domin iska na sa shi baƙi nan da nan. Gwaza ita ce mai gwada haƙuri: ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ga yauƙi, saboda haka sai ta kwana kafin ta kwanta, wani lokaci ma a ƙara ruwa don yauƙin ya saki.

Ɗanyen sitacin da ya kwanta a gindin roba yana da wani hali. A danna shi da yatsa da ƙarfi, sai ya yi tauri kamar sabulu. A ɗebo a tafin hannu a sassauta, sai ya malale ta tsakanin yatsu. Wannan alama ce an wanke shi da kyau. A shanya shi siriri a kan tire, a rufa da mayafi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu. Kada a kusantar da shi ga wuta, domin jiƙaƙƙen sitaci da ya ji zafi ya fara dahuwa ke nan, ba zai ƙara yin kauri yadda ya kamata ba. Ya bushe idan yana ƙara in an murza shi.

Kafin a zuba jari, a yi gwaji. Babban cokali biyu na sitaci a kofi ɗaya na ruwan sanyi, mililita 250, a dama har ba gudaji, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Na rogo zai fara kumbura tun wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kafin ruwan ya fara motsi. Na doya sai zafi ya haura 70, don haka mai gaggawa yakan sauke shi da ɗanye a ciki. A juye kowanne a ƙaramin kofi, a rufe, a duba da safe. Na doya zai fito da siffar kofin, da ɗan ruwa a gefensa. Na rogo zai maƙale, in an ja ya biyo cokali. Na dankali zai tsaya, amma bai kai na doya tauri ba. Na gwaza laushi gare shi, shi ya sa ya dace da kunun yara da na marasa lafiya.

Tsinkewa ita ce babbar damuwa, kuma sitacin rogo ya fi kowanne saurin yi. Ƙwayoyinsa suna kumbura sosai su yi rauni, to in aka ci gaba da tuƙawa da muciya bayan ya yi kauri, sai su farfashe ya koma ruwa. Da zarar ya washe, a ba shi minti ɗaya zuwa biyu a sauke. Tsami ma yana yanka zaren sitaci in sun haɗu a kan wuta, don haka ruwan tsamiya ko lemun tsami sai bayan an sauke. Sukari mai yawa yana rige sitacin shan ruwa ya jinkirta kaurinsa, shi ma a bari sai ƙarshe. Akwai kuma wanda ake rainawa: ludayin da aka kai baki aka mayar cikin tukunya. Miyau na da sinadarin da ke narkar da sitaci, ɗan kaɗan ya isa ya tsinka kwano guda.

Gudaji kuwa daga zuba busasshen gari a tafasasshen ruwa yake zuwa. Bayan kowane dunƙule ya dahu ya toshe hanyar ruwa, cikin ya zauna ɗanye. Kullum a fara damawa da ruwan sanyi.

Ga shadda da yadi, na rogo za a nema, saboda ba ya barin farin tabo. A dama babban cokali uku da ɗan ruwan sanyi, a sheƙa lita ɗaya ta ruwa mai tafasa a lokaci guda ana juyawa har ya washe, sannan a surka gwargwadon taurin da ake so. In bai washe ba, ruwan bai yi zafi ba, a mayar wuta. A tace shi kafin a tsoma kaya masu duhu.

Abin da za a ajiye a firji kuma, a guji na doya shi kaɗai: sanyi na sa amilos ya sake haɗuwa ya matso ruwa waje, abin da ke sa sakwarar jiya ta yi tauri. A haɗa kashi ɗaya na doya da biyu na rogo, na doya ya ba da tsayuwa, na rogo ya riƙe ruwan. Da sanyin Disamba da Janairu a Zariya dame yana saurin kamawa, sai a sauke shi da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda ake yi da bazara.