Yadda Ake Bibiyar Jirgin da Zai Sauka a Kano ta Intanet

Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano taryar baƙo, musamman a lokacin dawowar alhazai, ya san wahalar zaman jira a cikin mota, an kwaso tsofaffi da yara, rana tana dukansu, alhali jirgin bai ma baro Jidda ba. A yau wayar hannu ta isa ta raba mutum da wannan wahala ta hanyar manhajar Flightradar24, wadda wasu masu sha'awar jirage su biyu suka soma a ƙasar Suwidin a shekarar 2006.

Yana da kyau a fara sanin inda manhajar take samo labarinta. Yawancin jiragen fasinja suna ɗauke da na'urar da ke gane inda suke ta hanyar tauraron ɗan Adam, sannan ta riƙa watsa wannan bayani tare da nisan jirgin daga ƙasa da kuma gudunsa, tsarin da ake kira ADS-B. Dubban ƙananan na'urori, waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne suka kafa a gidajensu, su ne ke kama saƙon su tura shi ta intanet, sai jirgin ya bayyana a kan taswira yana rarrafe kamar ƙwaro mai launin rawaya.

Bayan ka buɗe manhajar, sai ka rubuta KAN a gurbin bincike, domin ita ce alamar filin jirgin Kano, kamar yadda ABV take ta Abuja, LOS ta Legas, JED ta Jidda, MED kuma ta Madina. Sashen da aka rubuta wa Arrivals zai nuna maka jiragen da ake sa ran saukarsu, da lokacin da aka tsara da wanda ake hasashe yanzu. Sai dai a ganina, hanya mafi inganci ita ce ka nemi matafiyin ya turo maka lambar jirgin da ke kan tikitinsa tun kafin ya kashe waya. Lambar takan fara da alamar kamfani, misali P4 ta Air Peace, ET ta Ethiopian Airlines, MS ta EgyptAir, kuma da ita za ka kama jirginsa kai tsaye ko da bai fito a jerin ba.

Idan ka taɓa hoton jirgin, za ka ga nisansa daga ƙasa a ma'aunin ƙafa. Jirgin da ke tsakiyar doguwar tafiya yakan kasance tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 40,000, kuma da zarar ka ga lambar tana raguwa babu tsayawa, to ya fara gangarowa, saura kimanin rabin awa ya taɓa ƙasa. A kula da agogo kuma, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu.

A lokacin hunturu ne amfanin manhajar ya fi fitowa fili. Idan hazo ya yi kauri, za ka iya ganin jirgi ya iso kusa da Kano yana ta kewaye wuri ɗaya, matuƙin yana jiran izini ko washewar sarari, wani lokaci ma ya juya akalarsa zuwa wani filin kamar na Abuja. Wanda ya ga haka ya san babu amfanin fita daga gida tukuna.

Ina jan hankali ƙwarai a kan abu ɗaya, saboda na ga yadda yake tayar da hankalin iyali: ɓacewar jirgi daga taswira ba ta nufin wani abu ya same shi. A saman hamada na'urorin karɓar saƙo ba su da yawa, don haka jirgi kan ɓace na ɗan lokaci, ko manhajar ta yi kirdadon inda yake har ya sake shiga yankin da ake jin sa. Kada a yi gaggawar yaɗa irin wannan a WhatsApp. A jira, ko a tuntuɓi ofishin kamfanin.

Idan jirgin daga ƙasar waje ya taso, sai a ƙara lissafin lokacin da fasinja zai ɗauka a wurin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da binciken kwastan, kafin ya fito inda 'yan tarya suke tsaye.