Kurakuran da ake yi wajen zaɓen bankin buɗe asusun karant

Kusan kowace shekara, idan dankalin Bokkos da na Mangu ya fara cika kasuwar Farin Gada a Jos, sai samarin da suka fara kafuwa a harkar gwari su zo mini da fom ɗin banki a hannu, suna roƙon in sa musu hannu a matsayin mai shaida, tun da ba a buɗe asusun karant, wato asusun juya kuɗin yau da kullum wanda ba na ajiya ba, sai da mutum biyu masu irin wannan asusu sun tsaya wa mai nema. Nakan tambaye su abin da ya ja su zuwa bankin, amsar kuwa ba ta cika canzawa ba: wai ma'aikacin bankin ne ya tako har rumfa, ga fara'a, ga ladabi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Kuskure mafi girma shi ne auna kulawar banki da fuskar wanda aka turo neman kwastoma. Wannan bawan Allah an ɗora masa adadin asusun da zai kawo a wata, murmushinsa aiki ne, kuma ba shi ne zai zauna a teburin ƙorafi ranar da kuɗinka suka maƙale ba. Ni ma haka aka kama ni. Wani matashi ya yi ta zarya a rumfata, yana cewa, "Alhaji, ko tsakar dare ne ka kira ni, ni ne bankinka." Na kwashe jarina na mayar can. Bayan wata bakwai, ranar wata Alhamis ana jibi Babbar Sallah, na tura naira miliyan 1 da dubu 800 ga wani manomi a Bokkos, kuɗin dankali mota guda. An zare kuɗin daga asusuna nan take, shi kuwa manomin bai ga alat ba. Na kira mutumin nawa, sai ya ce ai an yi masa canjin wurin aiki, in je reshe. Na bar rumfa na nufi titin Ahmadu Bello, na tsaya a layi har azahar ta wuce, da na isa teburin wata ma'aikaciya ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yallaɓai, matsalar netwok ce, ka dawo bayan Sallah." Dankali ba ya jiran Sallah. Manomin ya sayar wa wani, na biya direba kuɗin zuwa da dawowa mota wayam, kuɗina ba su dawo ba sai bayan kwana 19. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba asarar ba ce: mutumin da muka shekara shida muna ciniki da amana ya fara zargin alat ɗin bogi na nuna masa.

Tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a, kuma ban ce dole kowa ya bi ba. Kafin in amince da banki, nakan je reshen ranar Litinin da safe ko ƙarshen wata lokacin biyan albashi, in samu kujera kusa da teburin ƙorafi in zauna rabin awa ina kallo. A nan ake ganin ko ana sauraron tsohuwar da katinta ya maƙale a na'ura, ko akwai mai jin Hausa da zai yi wa wanda bai iya Turanci ba bayani, ko kuwa kowa "ka dawo gobe" ake ce masa. Daga nan sai in tambayi masu POS na bakin kasuwar Terminus, domin su ne suka san bankin da kuɗinsa ke dawowa da wuri idan ciniki ya faɗi. Sannan in kira lambar kula da kwastoma bayan isha'i, in ga minti nawa zan yi kafin ɗan Adam ya amsa.

Kuskure na biyu shi ya mayar da kwana biyu kwana 19, kuma laifina ne. Sau huɗu na je reshen ina ɗaga murya, amma ko sau ɗaya ban rubuta takarda ba, ban kuma karɓi lambar ƙorafi ba, don haka duk zuwa sai in sake labarin daga farko wa sabon mutum. Mutanenmu suna ganin faɗa da manaja shi ne neman haƙƙi. Wallahi ɓata yawu ne. Ka rubuta ƙorafinka da kwanan wata da adadin kuɗi da lambar turawa da ke jikin rasit, a buga maka hatimi a kwafinka, a ba ka lambar bin sawu. Idan mako biyu suka cika ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, kuma abin da za a fara tambayarka shi ne wannan lamba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin ya sa wa'adi: idan na'urar ATM ta bankinka ta zare kuɗi ba ta ba ka ba, a mayar nan take ko cikin awa 24, idan ta wani banki ce awa 48, idan POS ne awa 72. Wanda ya san wannan, ana yi masa magana da wata murya dabam. Bankin da ya yi nauyin hannu wajen ba da lambar ƙorafi kuwa, ni ba na ajiye ko sisi a cikinsa.

Akwai kuma masu sa hannu ba su tambayi abin da za a riƙa cira ba. Jadawalin cajin banki da ya fara aiki a Janairun 2020 ya ce kuɗin kula da asusun karant ba zai wuce naira 1 a kan kowace naira 1,000 da ka fitar ba, kuma ana iya neman ragi. A lissafin wancan jadawali na 2020, dillalin da ke fitar da miliyan 10 a wata, naira 10,000 ke nan kafin haraji. Na nemi ragi na samu, amma sai da na sa aka rubuta, domin alkawarin baki yana bin mai shi idan an ɗauke shi daga reshe.

Sauran ƙanana ne. Kada ka buɗe asusu da layin wayar ɗanka ko na yaron shago. Ka tabbata sunanka na BVN da na NIN harafi ɗaya ne, domin Muhammad da Mohammed sun isa su riƙe ka a banki yini guda. Kada ka zaɓi reshen da ke Bukuru alhali rumfarka tana Katako, don kawai abokinka yana aiki can. Idan gudun kuɗin ruwa ne ya kai ka bankunan Musulunci irin su Jaiz ko TAJ, niyya ce mai kyau, amma su ma ka je ka zauna kusa da teburin ƙorafinsu kamar na kowa.

Na ƙarshe shi ne tara komai a banki ɗaya saboda ana gaishe ka da suna. Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta nuna mana yadda manhajar banki kan mutu kwana da kwanaki, kuma a watan Yunin 2024 aka soke lasisin bankin Heritage. Idan banki ya rushe, inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a bankuna, tana biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, abin da ya haura sai an jira sayar da kadarorin bankin. Ni asusu biyu nake da su a bankuna biyu, kuma idan zan tura kuɗin mota ranar Alhamis ko Juma'a, nakan fara tura naira 5,000, sai manomin ya kira ya ce ya ga alat sannan in tura sauran.