Kurakuran da ake yi wajen gane shekarun kofunan gilashin gado

Da yawanmu idan aka raba gado aka ba mu tambulan ko ƙananan kofunan da ke cikin kabad ɗin Hajiya, abin da muke fara cewa shi ne ai wannan ya fi shekara ɗari, wai don kaka ce ta bari. To ita ma kakar wataƙila tsarabar Makka ce aka kawo mata a shekarun 1970, ko cikin kayan ɗakinta ya zo. Kafin ka yanke hukunci kifa kofin ka duba gindinsa, can bayanin yake.

Kuskuren da na fi gani shi ne na lamba. Ƙananan kofunan shayin nan na Duralex da suka cika gidaje a Nijar, akwai lamba a gindinsu, sai mutum ya ga 38 ya ce ai 1938 aka yi shi. A'a wallahi, lambar mazubin da aka zuba gilashin ce, sunan Duralex ɗin ma sai 1945 ya fito a Faransa. Sunan ƙasa ya fi lamba amfani nesa ba kusa ba, in ka ga an rubuta Czechoslovakia to tsakanin 1918 ne da 1992, in West Germany ne 1949 zuwa 1990, ka ga ko ba komai ka san iyakar da ba zai wuce ba.

Sai masu ganin tabo mai kaushi a tsakiyar gindi, wurin da aka ɓalle sandar ƙarfen da maƙeri ya riƙe kofin da ita, su ce shikenan tsoho ne. Tabon yana nuna aikin hannu ne kawai, kuma har gobe ana hura gilashi da baki. Haka ƙananan kumfa a ciki. Sai ka haɗa da wasu alamun: shafa yatsa a jiki ka ji ko akwai siririn layi daga sama zuwa ƙasa, in akwai to a mazubi aka yi shi, fasahar matsa gilashi a mazubi da inji kuma a shekarun 1820 ta fara a Amurka. Sannan ka kalli zoben da kofin ke zama a kai, na gaske za ka ga ya dushe da ƙananan karce ta ko'ina ba tsari, wanda aka goga da gangan kuwa karcen duk gefe ɗaya suke bi. Kofunan Ingila masu ƙafa na ƙarni na 18 galibi faɗin ƙafarsu ya fi na bakinsu.

Ƙwanƙwasawa a ji ƙara ma tana ruɗin mutane. Doguwar ƙara alama ce ta akwai dalma a gilashin, irin wanda wani ɗan Ingila, George Ravenscroft, ya samu lasisinsa a 1674, amma kamfanoni sun ci gaba da yinsa da inji har zamaninmu, don haka ba ta faɗin shekaru.

Abin da ya fi ci min rai dai wanki ne. A ɗauko soson ƙarfe da toka ko ruwan zafi a dirje zaren ruwan gwal ɗin bakin kofi, a kankare 'yar takardar kamfani da ke manne, alhali ita ce shaidar. Don Allah ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi ya isa, a shimfiɗa tawul a cikin roba, a wanke ɗaya bayan ɗaya, kuma a ɗauki hoton gindin da takardar kafin ruwa ya taɓa su.