Kada ku yi gyara kafin mai inshora ya gani

'Yan uwa, idan hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, ku fara ɗaukar hoto kafin a matsar da mota.

Lambar motocin biyu, inda ya lotsa, gilashin da ya zube a kan kwalta. Sai rahoton 'yan sanda. Sannan ku kira kamfanin inshorarku a ranar.

Dalili kuwa, kamfani sai ya turo wanda zai duba ɓarnar da idonsa. In makaniki ya riga ya buga ya yi fenti, babu shaida.

Bara na daki bayan motar wani a shataletale. Kunya ta sa na biya daga aljihuna, har yau abin yana min ciwo. Ashe ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000 tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani har naira miliyan 3.

Amma ba ta gyara taka motar, sai cikakkiyar inshora. Kuma in takardar ta bogi ce, ko sisi. Ku duba lambar motarku a shafin NIID, wato shafin intanet da ake tantance ko inshorar mota ta gaske ce, tun yau.