Kurakuran da sababbin kociyoyi ke maimaitawa a atisayen yara

Na gaji da ganin abu ɗaya a filayen atisayen yara: koci da usur a baki, yara goma sha shida a layi, ƙwallo ɗaya tak a gaba. Kowa yana jiran a zo kansa ya ja ta tsakanin robobin da aka jera, ya buga raga, ya koma ƙarshen layi. Koci, zauna ka yi lissafi. Idan kowane yaro yana cin daƙiƙa 15, sai bayan minti 4 layi zai sake zagayowa kansa. A minti 20 sau 5 ke nan, duka bai yi minti ɗaya da rabi da ƙwallo a ƙafarsa ba. Sauran lokacin yana tsaye yana tsokanar na gabansa, kai kuma kana faɗa wai yaran yanzu ba sa jin magana. To me ka ba su da za su yi?

Ni a wurina kowane yaro da ƙwallonsa, in ba su isa ba, mutum biyu ko uku su raba ɗaya. Ina shata fili mai taku 20 a kowane gefe, kowa ya shiga lokaci guda yana ja, da cikin ƙafa, da bayanta, da tafinta, yana juyawa in na tafa. Cunkoson ma darasi ne, domin dole yaro ya ɗaga kai kada ya yi karo da ɗan'uwansa. Da jiki ya yi zafi sai in karɓe ƙwallon mutum biyu, in ce su shiga su ƙwato ta wasu.

Sai maganar robobin nan. Ba na ƙin su, amma an mayar da su dukan atisaye. Roba ba ta sa ƙafa, ba ta ture ka da kafaɗa, ba ta komawa hagu in ka nufi hagu. Yaron da ya shekara yana yanke roba kamar wanda ya koyi iyo ne a kan tudu. Masu wannan aiki sukan ce ai tsarin Wiel Coerver suke bi, kocin Holan ɗin da ya ci kofin UEFA da Feyenoord a 1974, ya kuma yi suna wajen rarraba dabarun manyan 'yan wasa daki-daki don yara su koya. Gaskiya ne ana farawa da maimaita motsi ba abokin hamayya, sai dai daga nan ana wucewa ɗaya da ɗaya, a wuce wasan 'yan kaɗan. Su kuwa matakin farko suka ɗauka suka zauna a kai. Abin da nake yi: a gwada yankan na 'yan mintoci ba mai tarewa, sai a sa mai tarewa da ke bi a hankali, sannan a sake su da gaske, da ƙananan raga biyu a bayan mai tarewar don mai ƙwallo ya zaɓi wadda zai nufa. Zaɓin nan shi ne abin da roba ba ta koyarwa. Wani masani ɗan Norway, Geir Jordet, ya daɗe yana nazarin yadda manyan 'yan tsakiya irin su Xavi ke yawan waiwaye kafin ƙwallo ta iso su. Yaron da idonsa ke kan roba kullum, yaushe zai koyi waiwaye?

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ihun bakin layi, don ya taɓa raba ni da yaron da har yau nake tunawa. Ɗan shekara goma ne, ɗan firit, bahago, ba ya tsoron kowa in ƙwallo na ƙafarsa. Wani da ke riƙe mana yaran ranar wasa ba ya iya yin shiru: “Fitar da ita! Buga gaba! Wa ya ce ka yanka?” Duk lokacin da aka ƙwace a ƙafar yaron, sai an kira sunansa kowa ya ji. Kafin kakar wasa ta ƙare, da ƙwallo ta zo sai ya doka ta gaba ko bai ga kowa ba, ya juyo ya kalli bakin layi ya ga ko ya tsira. Daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. An ci wasanni a kakar nan, ba wanda ke tuna su yanzu.

Ku ji tsoron Allah a kan yaran mutane. Yaro ɗan shekara tara ko goma wasan ba na neman maki ba ne, lokacin ɓarar da ƙwallo ne har ya gane inda ake yanka da inda ake ba da fasin. In ka tsorata shi a wannan shekarun, a shekara 16 ba za ka iya mayar masa da zuciyar da ka cire ba. Kuma in kai ne ke faɗa masa abin yi a kowace taɓawa, kai ke buga wasan da ƙafarsa. Ni ƙa'idata ba na magana da mai ƙwallo yana cikin wasa. In ta fita sai in matsa kusa in tambaye shi a hankali: “Me ka gani a hagunka?” Iyaye ma ina gaya musu tun farkon kaka cewa tafi nasu ne, umarni ba nasu ba ne.

Wannan son cin wasan ne kuma ke sa a zaɓi manyan jiki a ajiye ƙanana a benci. Messi yana ɗan shekara 13 ya isa Barcelona a 2000, yana fama da matsalar girma. Da ƙato ake nema, da an mayar da shi gida.

Daina sa ƙananan yara 11 da 11 a babban fili, inda yaro zai yi rabin wasa bai taɓa ƙwallo ba. A Ingila hawa-hawa ake yi, daga 'yan kaɗan zuwa 7 da 7, zuwa 9 da 9. Jamus kuwa daga kakar 2024/25 ta mayar da mafi ƙanana 2 da 2 ko 3 da 3 da ƙananan raga huɗu, irin wasan da marigayi Horst Wein, koci ɗan Jamus, ya daɗe yana koyarwa. Ni 3 da 3 da 4 da 4 nake rufe atisaye da su, kuma su ke cin kaso mafi tsoka na lokacin.

Rondo, wasan zagaye da Barcelona ta yi fice da shi tun zamanin kocinta Johan Cruyff, shi ma an lalata shi: mutum goma a tsaye, ɗaya a tsakiya yana wahala ana dariya. Mayar da shi 3 da 1 ko 4 da 2, kowa yana motsi yana buɗe wa mai ƙwallo hanya.

Zagayen fili da sunan ɗumama jiki ɓata lokaci ne, a ɗumama da ƙwallo. Ƙwallo lamba 5 nauyinta gram 410 zuwa 450 ne, ta manya ce; ka ba ƙanana lamba 3, 'yan takwas zuwa sha biyu lamba 4, in ba haka ba da yatsa za su saba bugawa. Ƙafar da yaro bai iya ba, kada ka bar ta sai ya girma, ni nakan ce cin da aka yi da ita biyu ne. Bayani kuma kada ya wuce rabin minti, nuna da ƙafarka a fara.

Buga ƙwallo da kai dai kada ka sa ƙanana su yi shi. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 ya gano cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan wasa sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai tun 2015, Ingila da Scotland kuma suka cire shi daga atisayen 'yan firamare a 2020. In yaro ya yi karo da kai ya ce jiri yake ji, ya gama wasa a ranar, a kai shi likita ya duba.