Kurakuran da aka fi yi wajen kwafo waƙoƙin CD ta na'urar da ke kan wata kwamfuta

Tun da masu ƙera kwamfuta suka daina sanya na'urar karanta faifai a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, wata dabara ta zama ruwan dare a gidaje da ƙananan ofisoshi. Mutum yana da tarin fayafayan CD na waƙoƙi, yana kuma da tsohuwar kwamfutar tebur da na'urarta ke aiki har yanzu, sai ya buɗe na'urar ga sauran kwamfutocin da ke kan netwok ɗin gidan kamar yadda ake buɗe folda, da nufin ya zauna gaban sabuwar kwamfutarsa ya kwafo waƙoƙin daga nesa. Kusan kullum aikin yakan ci tura, kuma abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne an sa wa faifan makullin hana kwafi. A mafi yawan lokuta faifan lafiyarsa lau, tangarɗar tana cikin hanyar da aka bi.

Babban kuskuren, wanda sauran suka samo asali daga gare shi, shi ne ɗauka cewa faifan waƙa yana ɗauke da fayiloli. Idan aka sa faifai mai waƙa 14 a kwamfutar Windows aka buɗe shi, za a ga jerin sunaye daga Track01.cda zuwa Track14.cda, sai mutum ya zaɓe su duka ya ja su zuwa kwamfutarsa, kafin ƙiftawar ido kuma aikin ya kammala. Wannan saurin kansa ya isa ya sa a yi shakka. Kowane ɗaya daga cikinsu bayit 44 ne kacal, wato dukansu 14 ba su wuce bayit 616 ba, alhali minti ɗaya na sautin CD yana cin kusan megabayit 10. Abin da aka kwafo alamu ne da Windows ke ƙirƙira don nuna inda kowace waƙa ta fara da kuma tsawonta, kuma da zarar an raba su da faifan ba su da sauran amfani.

Dalilin haka yana cikin tsarin faifan kansa. Ƙa'idar da kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1980, wadda ake kira Jan Littafi saboda launin bangonta, ta tsara faifan waƙa a matsayin sauti mai gudana ba yankewa, an kasa shi gida-gida, kowane gida bayit 2,352, ana karanta gida 75 a daƙiƙa ɗaya, da ɗan jadawali a farkon faifan mai nuna inda waƙoƙi suka fara. Manhajar da ke kwafo waƙa sai ta yi magana da na'urar kai-tsaye, ta umarce ta da ta karanto gida kaza zuwa gida kaza, ta maimaita idan ta ga alamar kuskure. Ita kuwa hanyar raba folda ta Windows, wato SMB, wadda Samba ke kwaikwayo a Linux, fayiloli kawai ta san ɗauka, ba ta isar da irin waɗannan umarnai. Saboda haka manhajar da ke kan kwamfuta ta biyu ba ta ma ganin akwai na'urar faifai, folda take gani.

Masu kwamfutar Apple sun sha faɗawa irin wannan rami ta wata ƙofa. Lokacin da kamfanin ya fitar da MacBook Air a 2008 ba tare da na'urar faifai ba, ya haɗa shi da tsarin Remote Disc don aron na'urar wata kwamfuta, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa tsarin ba ya aiki da fayafayan waƙa, da fina-finan DVD, da fayafayan da aka sa wa kariyar kwafi. Jera su wuri ɗaya da aka yi yana iya sa mutum ya ɗauka dalilinsu ɗaya ne. Tsarin ma ya tsaya a macOS Mojave, ba a ci gaba da shi ba daga Catalina na 2019.

Gyaran a nan mai sauƙi ne: a yi karatun a kwamfutar da faifan yake cikinta, netwok kuma ya ɗauki fayilolin da aka riga aka gama. Wanda ba ya son tashi daga kujerarsa yana iya sarrafa tsohuwar kwamfutar daga nesa ta Remote Desktop ko SSH, ko da yake dole ne wani ya riƙa canja faifan da hannu. Akwai hanyoyin da ke isar da umarnin na'ura ta netwok da gaske, irin su iSCSI da USB/IP, kuma suna iya aiki, amma a ganina wahalar saita su ta fi ribarsu ga mai fayafayai hamsin ko ɗari, domin ƙaramar na'urar faifai mai shiga ta USB tana kashe maganar gaba ɗaya.

Wasu kuma sukan yi ƙoƙarin zagayewa ta hanyar mayar da faifan hoton ISO, wato fayil guda mai ɗauke da kwafin faifan gaba ɗaya, su tura ta netwok. Wannan ba ya yiwuwa, domin ISO na fayafayan bayanai ne masu gidaje na bayit 2,048. Hoton faifan waƙa sai dai fayil ɗin BIN ko na FLAC (tsarin matse sauti ba tare da zubar da komai ba) tare da fayil ɗin CUE mai riƙe da jadawalin. Ya kamata kuma a duba irin faifan tun farko. Fayafayan da ake sayarwa a kasuwa ɗauke da waƙa ɗari ko fiye na bayanai ne da aka zuba wa MP3, su kam suna kwafuwa ta netwok ba gardama, kuma mayar da su FLAC ba ya ƙara musu inganci ko ƙanƙani, sai dai cin wuri.

Kuskure na gaba ya shafi wanda ya riga ya gane abin da ke sama, ya koma tsohuwar kwamfutar, amma ya umarci manhajar ta riƙa rubutawa kai-tsaye cikin foldar da ke kan netwok. Idan Wi-Fi ya yi ɗan tsinkewa, ko wuta ta ɗauke wa na'urar ajiyar, sai a wayi gari da fayil mai cikakken suna wanda waƙar cikinsa ta yanke a tsakiya. Abin da ya fi shi ne a ajiye a kwamfutar, a tabbatar, sannan a tura. Sunaye ma suna kawo cikas, domin Windows ba ta yarda da alamar tambaya ko ɗigo biyu a sunan fayil, tsoffin manhajoji kuma suna tuntuɓe idan adireshin fayil ya haura haruffa 260. Su kansu sunayen waƙoƙin galibi ba a cikin faifan suke ba. Manhaja tana lissafo lambar shaidar faifai daga jadawalinsa ta tambayi rumbu irin MusicBrainz ko Gracenote, tsoffin manhajojin da suka dogara da freedb kuwa sun daina samun amsa tun da aka rufe shi a 2020.

Sai batun gaggawa. Faifan bayanai yana da ƙarin matakin gyaran kuskure wanda faifan waƙa ba shi da shi. Idan na'ura ta kasa karanta wani wuri a faifan waƙa, sai ta yi kintace daga sautin da ke gefe ta cike gurbin, ba tare da ta sanar da kowa ba. A lasifikar kwamfuta ba za a ji komai ba, sai ranar da aka sa abin saurare a kunne cikin dare a ji wani ɗan "ƙis" a tsakiyar baiti, a daidai wuri ɗaya kullum, alhali an riga an kyautar da faifan. Maganin shi ne manhaja mai karatun tabbaci, kamar Exact Audio Copy ko dBpoweramp a Windows, XLD a Mac, cdparanoia a Linux, tare da kunna AccurateRip inda manhajar ke da shi, wanda ke kwatanta sakamakonka da na sauran mutanen da suka kwafi irin faifan a duniya. A karon farko a bar manhajar ta auna 'yar karkatar da kowace na'ura ke da ita wajen fara karatu, in ba haka ba kwatancin ba zai daidaita ba. A ajiye asalin a FLAC, wanda ke rage girma zuwa wajen rabi ko sama kaɗan ba tare da zubar da komai ba, MP3 ɗin waya kuma a fitar da shi daga nan.

Duk wannan ba ya nufin babu fayafayan da aka kulle da gaske. Akwai su, kuma yawancinsu sun fito ne tsakanin 2001 da 2006, da tsare-tsare irin su Cactus Data Shield, key2audio, MediaMax da XCP. Wasu suna lalata jadawalin da gangan ko su ƙara zango na biyu na bayanai don rikita na'urar kwamfuta, wasu suna cusa kurakurai cikin sautin da rediyon CD zai rufe amma kwamfuta ta yi tuntuɓe da su. Ana gane su daga kwali: sau da yawa akwai tambarin Copy Control, kuma babu tambarin Compact Disc Digital Audio, domin Philips ya tsaya kan cewa faifan da ya saɓa wa Jan Littafi bai cancanci wannan suna ba. Idan faifai yana da tambarin nan na asali amma ya ƙi karantuwa, a fara zargin ƙarzuwa, datti, ko tsufan na'ura, a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, a kuma gwada wata na'urar.

Kuskure mafi haɗari a nan shi ne amincewa da manhajar da faifan ya nemi girkawa. A ranar 31 ga Oktoban 2005, masanin Windows Mark Russinovich ya bayyana cewa fayafayan Sony BMG masu XCP suna dasa wata manhaja da ke ɓoye kanta a can cikin tsarin kwamfuta, tana ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$, ɓarakar da masu ƙirƙirar ƙwayoyin cutar kwamfuta suka yi saurin amfani da ita. Albam 52 abin ya shafa, kamfanin ya janye su daga kasuwa, manhajar farko da ya bayar don cirewa kuma ta buɗe wata ɓarakar. Irin waɗannan fayafayai suna nan a hannun masu sayar da tsoffin kaya, kuma tsohuwar kwamfutar da aka ajiye don wannan aiki, wadda wataƙila ta daina samun sabuntawa tuntuni ga shi kuma tana haɗe da sauran kwamfutocin gidan, ita ce ta fi rauni. A kashe tsarin da ke buɗe faifai da kansa, kada kuma a yarda da duk wata girkawa da faifan waƙa ya nema.

Iyakar ƙarshe ta doka ce, kuma mutane kan yi kuskuren ɗauka cewa sayen faifai ya ba su izinin yin komai da shi a ko'ina. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya makullin kariya, har ma kamfanin SunnComm ya yi barazanar maka ɗalibin jami'ar Princeton, John Alex Halderman, a kotu a 2003 saboda ya wallafa raunin MediaMax, kafin daga baya ya janye. Birtaniya ta halatta kwafi don amfanin kai a Oktoban 2014, amma babbar kotu ta soke wannan izini a 2015. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma tana da tanadi kan karya irin wannan kariya. Don haka idan an tabbatar faifai a kulle yake, hanya mafi tsabta ita ce a nemi bugun da ba a kulle ba ko a sayi albam ɗin a FLAC. Ko faifan da ba shi da makulli ma, foldar da aka zuba waƙoƙinsa tana buƙatar kalmar sirri, domin buɗe ta ga duk wanda ke kan netwok ɗin ofis ko na makaranta ya fitar da ita daga amfanin kai ya mayar da ita rarrabawa.